Tasin Sama a Lambu na Arba'in da Ɗaya

Duk ƙungiyar masu lambu ta Raɓar Safe da ke bakin garin Kassel, babu wanda bakinsa ya kama ƙafar na Ottmar Fenske. Shekara talatin ya yi yana tuƙa tasi, kuma in ka saurare shi sai ka rantse shi ya shimfiɗa titunan garin da hannunsa. Da ya ajiye aiki, ƙungiya ta ba shi kula da famfo, wato ya buɗe ruwa in sanyi ya wuce, ya rufe in sanyi ya dawo. Aikin kwana biyu ne a shekara. Amma sai da Ottmar ya buga kati, aka rubuta masa Daraktan Harkokin Ruwa.

Lambunsa shi ne na arba'in da ɗaya. Nasa ne a takarda kawai, don kowa ya san na matarsa ne, Waltraud. Mahaifinta ya fara riƙe shi, shi ya dasa itacen tuffar da ke kusurwa, ita kuma ke durƙuso a kunyoyin dankali da wake tun tana budurwa. Da tsohon ya rasu, Ottmar ya ce harkar takarda ta maza ce, ya sa hannu. Daga ranar, gudummawarsa ga lambun ita ce kujerar da yake zama.

Dokokin ƙungiyar sun cika littafi, amma uku ne ko mahaukaci ba ya takawa. Kashi ɗaya cikin uku na kowane lambu dole ya zama abin ci ne aka shuka. Daga ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana ba a yin ƙara. Ranar Lahadi kuwa ko ƙusa ba a bugawa. Wanda ya karɓi takardar gargaɗi uku ya miƙa makulli, tunda akwai mutane a layi da suka shekara bakwai suna jiran ɗan filin da za su shuka albasa. Mai riƙe da littafin ita ce shugaba, Frau Rautenberg, wadda ke yawo da tef ɗin awo a aljihu kamar yadda wasu ke yawo da maganin hawan jini.

Abin ya faro ne daga baje kolin fasaha da aka yi a gari. A can Ottmar ya ga tasin sama: wani farin jirgi mai kujera biyu, da farfela birjik a kansa, yana aiki da batir, yana tashi tsaye ya sauka tsaye. Wani ma'aikacin kamfanin mai suna Torben ya ce masa abin da ya rage musu kawai shi ne wuraren sauka a cikin unguwanni. Ottmar ya miƙa masa kati. Torben ya karanta, ya ga Darakta, ya gyara tsayuwa.

Ko takalmi bai cire ba da ya isa gida.

"Waltraud, ajiye wuƙar nan ki saurara. Titi ya mutu."

"Allah ya jiƙansa," in ji ta, tana ci gaba da feraye dankali.

"Ina miki maganar gobe kina mini maganar dankali. Nan da shekara biyu duk mai hankali a garin nan ta sama zai riƙa zuwa aiki. Wanda ya fara mallakar wurin sauka, shi ke da garin. Kin san wurin da ya fi ko'ina dacewa?"

"Kar ka ce."

"Lambunmu!"

Ta ajiye wuƙar, ta ƙare masa kallo. "Ottmar, in ka taɓa mini kunya ɗaya, ni da kai ne."

"Wa ya ce zan taɓa? Tunani nake da ƙarfi."

Ranar Alhamis ta tafi wajen yayarta da aka yi wa aikin gwiwa, za ta yi mako guda. Ranar Juma'a Ottmar ya tumɓuke dankalin.

Mota ba ta shiga hanyoyin lambu, don haka a baro ya riƙa turo buhunan siminti daga bakin ƙofa, yana nishi, yana gaya wa duk wanda ya haɗu da shi cewa tarihi ne ke wucewa. Maƙwabcinsa na lambu na arba'in da biyu, Bodo Zielke, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da harshensa ya fi almakashinsa kaifi, ya jingina da shinge yana kallo.

"Darakta, kabari kake haƙa wa wa?"

"Wa jahilci."

"To ka ƙara faɗinsa, ba zai ɗauke ka ba."

Torben ya ce wurin sauka ya kasance mita goma sha biyar kowane ɓangare. Bodo ya miƙo masa tef. Ottmar ya ce ya mayar, idonsa ya fi tef, shekara talatin yana kutsa mota tsakanin motoci ba tare da ya gogi ko ɗaya ba. Ya taka taku goma sha biyar, ya kafa tsinke. Ottmar gajere ne, kuma takunsa irin na mai ɗauke da tulu. Filin da ya fitar ya cinye kunyoyin Waltraud daidai wa daida, bai rage ko ganyen albasa ba.

Kwaɓa siminti na son ruwa, makon kuma zafi ake yi. Nan Darakta ya tuna da muƙaminsa. Ya rufe bututun da ke kai ruwa sauran lambuna tamanin da biyar, ya juyo da shi nasa. Ranar Asabar da yamma tumatirin jama'a ya sunkuyar da kai, mutane suka yi ta murɗa famfo suna jin iska. Da suka biyo tiyo suka iske inda ya ƙare, Frau Rautenberg ta rubuta takardar gargaɗi ta farko a tsaye, a kan murfin baro.

Aikin bai ƙare ba, simintin kuma ba ya jiran Litinin. Safiyar Lahadi, ana buga ƙararrawar coci, Ottmar ya tayar da injin kwaɓa. Ya lulluɓe shi da barguna biyu wai don kada a ji, injin ya haɗiye ɗaya. Takarda ta biyu ta iso kafin a gama addu'a.

Bai fasa ba. Ya zuba simintin da hannu, ya fara daga gefe yana shafewa yana ja da baya, har ya waiga ya ga ko'ina a shafe, shi kuma yana tsakiya a kan ɗan wurin da bai fi faranti ba.

"Bodo! Miƙo mini katako!"

"Yau Lahadi, Darakta. Ba a aiki."

"Haba maƙwabci!"

"Ka jira tasin sama mana. Ba cewa ka yi cikin minti uku yake isowa ba?"

Sai da Bodo ya shanye kofinsa, ya ƙara wani, sannan ya turo katakon. Ottmar ya fito, amma takalminsa na hagu ya zauna, ya bushe a wurin, bakinsa a buɗe yana kallon sama. Washegari ya zana babban harafin H, alamar wurin saukar jirgi, da farin fenti, takalmin na tsakiyarsa. Ya kuma sare rabin rassan tuffar, wai suna tare hanyar saukowa.

Da Waltraud ta dawo, ba ta yi ihu ba. Ta tsaya a ƙofar lambun da jakarta a hannu, ta dubi simintin, ta dubi itacen mahaifinta da aka yi wa askin gefe ɗaya, hawaye suka zubo mata. Ottmar ya ji wani abu ya soke shi a ƙirji, amma da yake bai saba da irin wannan ba, sai ya ɗauka yunwa ce.

"Za ki gode mini," in ji shi.

Frau Rautenberg ce ta amsa, daga bayansu. "Abokin lambu Fenske, ranar bikin bazara za mu zagaya duba lambuna kamar kowace shekara. In na auna ban samu kashi ɗaya cikin uku na abin ci a nan ba, takarda ta uku ke nan. Ka san abin da ke bayanta."

"Ranki ya daɗe, ranar nan da kanki za ki roƙe ni kujerar gaba."

"Ni dai kabeji nake son gani," ta ce, ta wuce.

Kamfanin ya nemi shaidar cewa akwai masu son hawa. Ottmar ya sayi allo mai matse takarda, ya sa hular da ya sayo mai kama da ta matuƙan jirgi, ya shiga bi lambu lambu. A lambu na shida wata tsohuwa ta ce ita iyakar tafiyarta gidan burodi, ko zai sauke ta a kan rufin? Ya rubuta: tana so. A na goma sha tara mutumin ya tambaya ko ana shiga da buhun taki, Ottmar ya ce nauyi a ƙayyade yake, mutumin ya ce to me amfaninsa. Ya rubuta: yana so ƙwarai. A na talatin aka sakar masa kare. Ya rubuta: yana nazari.

A lambun Bodo ya tarar da baƙuwa tana tsinkar wake, wata mace mai faffaɗar kafaɗa mai suna Ilka, 'yar ƙanwar Bodo. Ita ke tuƙa jirgin ƙasan cikin gari, lamba bakwai, wanda ke tsayawa daidai ƙofar lambunan. Shekara bakwai sunanta na cikin layin masu jira, shi ya sa duk Asabar take zuwa ta rage zafi a waken kawunta.

"Yauwa, ga wadda za ta fara rasa aiki," in ji Ottmar. "Daga nan zuwa babbar tasha, minti nawa kike yi?"

"Goma sha ɗaya."

"Mu uku."

"Mutum nawa?"

"Biyu. Ɗaya matuƙi."

"Wato ɗaya. Ni ɗari da hamsin, da kekunan jarirai, da karnuka. In an yi iska fa?"

"Sai a ɗan jira."

"In an yi hazo?"

"Sai a ɗan ƙara jira."

"A Kassel? To sai dai su jira har Mayu. Kuɗin fa?"

Ottmar ya yi tari. "Tafiya ɗaya ba za ta wuce tikitinki na wata ba. Da farko ke nan."

"Kuma in ya kai tasha a ina zai sauka?"

"Ana kan tattaunawa."

"Sai ya dawo da mutum nan ya hau lamba bakwai," in ji Bodo daga cikin wake.

Ottmar ya ɗaga hanci. "Ku yi dariya. Nan da shekara biyu jirginki a gidan tarihi za a ajiye shi, yara su riƙa shiga suna cin alewa. In kin zo neman aikin share filin sauka, zan duba."

"Ka rubuta ina nazari," in ji Ilka.

Ya aika wa Torben sakamako: cikin tamanin da shida, saba'in da tara sun ƙagu. Ya haɗa da takardar amincewar ƙungiya, wadda Daraktan Harkokin Ruwa ya sa wa hannu a madadin kowa. Bayan kwana uku Torben ya bugo waya cike da murna. Kamfanin zai yi shawagin gwaji a kan garin ranar Asabar ta ƙarshen wata, kuma matuƙin zai gwada sauka a filin Darakta da ƙarfe sha biyu da rabi. Ottmar ya duba kalanda. Ranar bikin bazara ce, ranar awo.

Da wani ne, da ya tsorata. Ottmar cewa ya yi sa'a ta zo masa biyu a haɗe.

Ga dabarar da ya ƙulla. Kowace shekara Frau Rautenberg kan fara daga lambu na ɗaya da ƙarfe tara, ta iso na arba'in da ɗaya wajen sha ɗaya. To zai baza ƙasa a kan simintin, kaurin yatsa huɗu, ya jera kabeji a kai. Ta auna, ta sa hannu, ta wuce. Shi da Waltraud su kwashe, su share, H ya fito, jirgi ya sauka a gaban jama'a.

"Kabejin da ba shi da saiwa?" in ji Waltraud.

"Wa ke leƙa ƙarƙashin kabeji?"

"Ottmar, ka fasa simintin nan tun da sauran lokaci. Zan dasa latas, yana saurin fitowa. Ka je ka ba matar nan haƙuri."

"Ni? Na ba da haƙuri saboda na riga kowa ganin gaba?"

Kwana biyu ya yi yana zagaya kantuna yana kwashe kabeji, har masu kanti suka fara tambayarsa ko gidan abinci ya buɗe. Motarsa tana wajen gyara. Saboda haka duk kabejin nan, ɗari da ashirin, a lamba bakwai ya kawo su, sawu tara, ya ja hular ya rufe fuska duk lokacin da ya wuce ta gaban direba.

Ranar biki gari ya waye da 'yar iska. An kafa rumfa a filin tsakiya, an jera tebura, mata sun kawo kek iri iri, maza suna gasa nama suna gardamar wanda ya fi iya juya shi. Lambu na arba'in da ɗaya kuwa ya yi kyau har ya ba da tsoro: kabeji sahu sahu, kowanne ƙato, kowanne girmansa ɗaya da ɗan'uwansa, babu ganyen da tsutsa ta taɓa. Takalmin ma an binne shi, an ɗora masa kabeji.

Bodo ya leƙo. "Ikon Allah. Jiya siminti, yau gona. Wane taki ka sa?"

"Ilimi."

Ottmar ya riga ya sanar da kowa cewa da sha biyu da rabi za su ga abin da jikokinsu za su karanta a makaranta. Ya sa farar riga, ya soke faifan ƙwallon tebur biyu a ɗamara, waɗanda ya shafa wa jan fenti don yi wa matuƙi ishara.

Ƙarfe sha ɗaya ta yi, babu Frau Rautenberg. Sha ɗaya da rabi, babu ita. Ya aika ido can ƙarshen hanya, sai ya hango ta da mutanenta biyu a lambu na sittin da wani abu. Bana daga ƙarshe ta faro, kuma a natse take aunawa, saboda masu manyan lambobi sun yi ƙorafin cewa kullum a gajiye take iso musu.

Gumi ya karyo masa. In ya kwashe kabejin, lambu ya tafi. In ya bar shi, jirgi ba zai ga wurin sauka ba. Ya yi ta safa da marwa tsakanin shinge da ƙofa, ido ɗaya a sama, ɗaya a kan tef. Sha biyu da rabi ta yi, jama'a suka taru a hanya da faranti a hannu, suka ɗaga kai. Ba komai sai hankaka biyu.

"Wataƙila yana jiran iska," in ji Ilka.

"Ko ya tsaya ɗaukar fasinja a gajimare," in ji Bodo.

Sha biyu da minti arba'in da biyar, mutane suka fara komawa wajen kek suna dariya ƙasa ƙasa. Waltraud ta sauke ajiyar zuciya, ta farko a wata guda. Ƙarfe ɗaya saura biyar Frau Rautenberg ta iso. Ƙarfe ɗaya daidai aka kashe rediyon rumfa, masu gashi suka rage murya, duk Raɓar Safe ta yi tsit kamar yadda ta saba.

Ta ja tef ta tsawo, ta ja ta faɗi. Ta dubi kabejin, ta dubi Ottmar, ta sake duban kabejin.

"Abokin lambu Fenske," ta ce a hankali, saboda lokacin hutu ne, "ban san yadda aka yi ba, kuma raina bai kwanta ba. Amma awo ya cika."

Ta buɗe littafi, ta cire murfin biro. Waltraud ta rufe ido.

A nan ne suka ji shi. Wani zuuu daga wajen kogi, yana ƙaruwa. Farin jirgin ya ɓullo ta saman bishiyoyi, ya makara da minti arba'in saboda iska. Ya zo ya tsaya can sama, yana juyawa hagu da dama. Matuƙin na neman farin H, ba ya ganin komai sai lambuna tamanin da shida masu kama da juna. Ya ɗan jira, ya fara karkata zai koma.

Waltraud ta damƙe hannun rigar mijinta. "Ottmar, don girman Allah ka bar shi ya wuce. Sa hannu kawai ya rage."

Ya tsaya. Na rantse ya tsaya, har na daƙiƙa uku. Sai Bodo, wanda bai taɓa iya riƙe bakinsa ba, ya ce, "Af, ashe ba wajenka ya zo ba, Darakta. Hanya ce ta biyo da shi."

Shi ke nan. Ottmar ya fizge hannunsa, ya zaro faifan nan biyu, ya faɗa tsakiyar kabeji yana tsalle yana kaɗa su.

"Nan ne! Nan ne! Ni ne Fenske! Sauko!"

Matuƙin ya ga jan abu na motsi, ya juyo, ya fara saukowa.

A baje koli an gaya wa Ottmar cewa jirgin ba shi da ƙara. Ba wanda ya yi masa maganar iska, shi ma bai tambaya ba. Hularsa ce ta fara tafiya. Sai ƙasar da ya baza ta tashi gaba ɗaya, buhu sittin, ta yi sama ta rufe rana, ta sauko a kan fararen riguna, da kek, da naman da ke kan wuta. Sandunan waken Bodo suka kwanta. Rumfar biki ta cire ƙafafunta ta haura lambu uku. 'Yan mutum-mutumin nan masu jar hula da ake jerawa a bakin furanni suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sannan kabejin ya motsa. Da yake babu abin da ya riƙe shi, sai ya fara gangarawa, sahun farko, na biyu, na uku, duk suka bi ta ƙofar lambun suka kama hanya, ɗari da ashirin, suna tsalle, jama'a na ɗaga ƙafa. Simintin ya fito fes, da farin H, da takalmin hagu a tsakiya.

Matuƙin ya leƙo, ya ga filin bai kai yadda aka rubuta masa ba, ga itace a gefe, ga wani gajeren mutum na rawa a inda ya kamata ya sauka. Ya girgiza kai, kowa ya gani. Jirgin ya ɗaga, ya juya, ya nufi inda ya fito. Ottmar ya bi shi da gudu har shinge yana ihu, "Dawo! Akwai fasinja saba'in da tara!"

Ƙarar ta ɓace. Wani kabeji da ya makara ya gangaro a hankali ya tsaya a ƙafar Frau Rautenberg. Ta sunkuya ta ɗauka, ta juya shi. Gindinsa a yanke yake sumul, ga 'yar takardar kanti manne a jiki. Ta kakkaɓe ƙasa daga gilashinta, ta karanta.

"An yi ragi ma," ta ce.

"Sawu tara ya yi da su," in ji Ilka, tana cire ganye daga gashinta. "A jirgin nan da za a ajiye a gidan tarihi ya kawo su."

Dariyar da ta ɓarke ita ce karo na farko da ƙungiyar gaba ɗaya ta karya dokar hutun rana. Ottmar ya dawo, fuska baƙi ƙirin da ƙasa, ya gyara wuyan riga, ya fara borin kunya.

"Jama'a, gwajin ya yi nasara. Kun gani da idonku, ya zo. Matsalar itacen can ce kawai. In aka sare sauran…"

"Ottmar."

Waltraud ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ya dube ta, ya bar maganar nan.

Frau Rautenberg ta duba agogo, ta rubuta. "Ƙarfe ɗaya da minti goma sha huɗu. Ƙara a lokacin hutu. Sa hannu da sunan ƙungiya ba izini, don jirgi ba ya zuwa haka kawai ba takarda. Abin ci, babu. Zaɓi wanda kake so a rubuta a takarda ta uku, abokin lambu, duk ɗaya ne." Ta juya shafi zuwa layin masu jira, ta bi da yatsa, ta ɗago. "Ilka Sommerfeld."

Torben bai sake ɗaga waya ba. Muƙamin famfo aka ba tsohuwar lambu na shida.

Sauran doka ɗaya da Ottmar bai taɓa karantawa ba: mai barin lambu zai mayar da shi yadda ya same shi. Saboda haka duk watan da ya biyo baya, da sassafe za ka gan shi a lamba bakwai, guduma a tsakanin ƙafafu, yana kallon taga. Ya fasa, ya loda a baro, ya tura har bakin ƙofa, ya dawo. Bodo kan jingina da shinge ya tambaye shi ko jirgin ƙarfe nawa ne yau.

Ilka ta je har gida ta samu Waltraud, ta ce ita tuƙi ta iya, ba ta san kan tuffa ba, kuma itacen na bukatar wanda ya san shi. Ta ajiye mata makulli a tebur. Guda ɗaya.

Ranar da ya kai ga tsakiyar filin, matan biyu na zaune a ƙarƙashin rabin inuwar da ta rage, suna shan kofi, suna shawarar inda dankali zai koma. Ottmar ya share gumi, ya dubi takalminsa da ke cikin siminti, ya dubi sama, sai tsohon halin ya motsa.

"Ku dai ku ajiye maganata. Matsalar wurin nan ƙanƙanta ne. Amma rufin gidanmu, in aka cire…"

Ya ɗaga gudumar sama da kai don ya ƙarasa maganar da bugu. Waltraud ta duba agogonta.

"Ottmar, ƙarfe ɗaya."

Gudumar ta tsaya a sama. Ya sauke ta a hankali don kada ta yi ƙara, ya zauna a kan ɓaraguzai. Awa biyu cur bai ce uffan ba, Waltraud kuma ta ƙara wa Ilka kofi.